Masu Riƙe da Ƙofar Shugaban Ƙasa

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya gabatar a wajen taron wayar da kai da aka shirya wa malaman azuzuwan manya da shugabannin ƙungiyoyin manoma. Mun buga shi ne domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

 

An nemi in yi magana a kan mutanen da sabon shugaban ƙasa yakan naɗa su taya shi aiki da zarar an rantsar da shi. Na san wani zai ce a ransa, mu da ke fama da tsadar taki da kuɗin mota, ina ruwanmu da wanda aka ba ofis a Abuja? To, a yi mini haƙuri a saurara, domin ina so in nuna cewa akwai ruwanmu ƙwarai da gaske.

Idan an yi sabuwar gwamnati, abin da kowa ke kasa kunne ya ji a rediyo shi ne sunayen ministoci. Wa aka ɗauka daga jiharmu? Wace ma'aikata aka ba shi? A majalisun hira ba a wata magana sai wannan. Amma kafin a kai ga ministoci akwai wasu naɗe-naɗe da akan yi cikin makonnin farko, waɗanda galibinmu ba mu cika kula da su ba. A ganina waɗannan sun fi sunayen ministoci nuna inda gwamnati ta dosa. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. Tsarin mulkin 1999, wanda muke aiki da shi, ya raba waɗannan muƙamai gida-gida. Sashe na 147 ya yi magana a kan ministoci. Ya ce shugaban ƙasa ba zai naɗa minista ba sai Majalisar Dattawa ta amince, kuma tilas ne a ɗauki aƙalla mutum ɗaya daga kowace jiha. Watau minista sai ya tsaya gaban wakilan jama'a an kira sunansa, ko da kuwa abin da za a ce masa bai wuce ya rusuna ya wuce ba, kamar yadda muka sha gani.

Sashe na 151 kuwa shi ne na masu ba shugaban ƙasa shawara na musamman. A nan majalisa ba ta tantance kowa. Iyakar abin da aka ba ta shi ne ta yanke yawansu da albashinsu. Alal misali, a watan Yuni na 2015 an amince wa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗauki 15, a watan Yuni na 2023 kuma aka amince wa Shugaba Bola Tinubu ya ɗauki 20. Adadi kawai shugaban ƙasa yake aika wa majalisa, ba sunaye ba. Wanda ya ga dama shi zai sa, ran da ya ga dama ya cire shi, kuma ran da ya sauka daga mulki su ma aikinsu ya ƙare. Abin da sashe na 152 ya ɗora musu shi ne su bayyana dukiyarsu, su yi rantsuwa kafin su kama aiki.

Sai sashe na 171, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa Sakataren Gwamnatin Tarayya, da Shugaban Ma'aikatan Tarayya, da jakadu, da manyan sakatarorin ma'aikatu, da kuma duk wani ma'aikacin da zai yi masa hidima a ofishinsa. A cikin waɗannan duka, jakadu ne kaɗai sashen ya ce sai Majalisar Dattawa ta amince da su.

Ashe ke nan mutanen da suka fi kowa kusa da shugaban ƙasa, waɗanda yake gani safe da yamma, ba wanda ya jefa musu ƙuri'a, kuma ba wanda ya yi musu tambaya a gaban jama'a kafin su hau kujera.

Uku daga cikinsu su ne ƙusoshi. Na farko Sakataren Gwamnatin Tarayya. Shi ne marubucin gwamnati. Ofishinsa ke shirya takardun taron majalisar ministoci, ya rubuta abin da aka zartar, ya bi sawu ya ga an aikata. Takardun naɗin shugabannin hukumomi da yawa ta hannunsa suke fita. Na biyu mai ba da shawara kan harkokin tsaro. Shi ke tattara rahotannin soja da 'yan sanda da jami'an tsaro na farin kaya ya kai wa shugaban ƙasa. Duk wanda ya taɓa barin gonarsa saboda tsoron 'yan bindiga ba ya buƙatar a gaya masa muhimmancin wannan kujera.

Na uku shi ne wanda zan fi daɗewa a kansa, watau Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa. Kada a rikita shi da Shugaban Ma'aikatan Tarayya da na ambata ɗazu. Wancan tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ke kula da ma'aikata. Wannan kuwa shi ne mai riƙe da ƙofa. Shi ke tsara wanda zai ga shugaban ƙasa yau da wanda zai jira sai wani mako. Shi ke duba takardun da aka aiko, ya zaɓi wadda za ta hau teburin shugaba da wadda za ta kwana a ƙasa. Wani abin mamaki, idan ka karanta tsarin mulki daga farko har ƙarshe ba za ka ga sunan wannan muƙami ba. Daga Amurka aka kwaikwayo shi. Shugaba Olusegun Obasanjo ne ya kawo shi a 1999, ya ba Manjo Janar Abdullahi Mohammed mai ritaya, mutumin Ilori, wanda ya riƙe shi har zuwa 2008. A wannan shekara marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya soke ofishin baki ɗaya. Da Shugaba Goodluck Jonathan ya hau a 2010 sai ya maido shi, ya ba Mike Oghiadomhe. Kun ga ke nan ƙarfin kujerar ba daga doka yake ba, daga yardar mai gida yake.

Mu a ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne, kuma iyayenmu da ke zaune a nan sun fi ni saninsa. A fadar Kano ta zamanin da, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, ba 'ya'yan sarauta ba. Amma hakimi komai girman rawaninsa yakan kiyaye su, domin ta hannunsu ake isa wurin sarki, kuma su ke da kunnen sarki bayan fada ta tashi. Sarki mutum ɗaya ne, ido biyu gare shi da kunne biyu. Abin da aka kawo masa shi zai gani, abin da aka gaya masa shi zai ji. Shugaban ƙasar da ke mulkin jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 ya fi sarki buƙatar idon wani da kunnen wani.

Domin a ga yadda abin yake a aikace, mu dubi gwamnatoci biyu na baya-bayan nan.

An rantsar da Shugaba Buhari ranar 29 ga Mayu, 2015. Naɗin da ya fara yi shi ne na masu magana da yawunsa, Femi Adesina da Malam Garba Shehu. A watan Yuli ya naɗa Manjo Janar Babagana Monguno mai ritaya a kujerar tsaro. Sai ranar 27 ga Agusta ya ba Babachir Lawal Sakataren Gwamnati, ya ba Malam Abba Kyari shugabancin ma'aikatan fada. Ministoci kuwa ba a rantsar da su ba sai 11 ga Nuwamba. Watau ƙasa ta yi fiye da wata biyar ba minista ko ɗaya. Manyan sakatarori ke riƙe da ma'aikatu, su kuma ba su da hanyar isa wurin shugaban ƙasa sai ta hannun 'yan tsirarun da ke fada. Kafin ministoci su iso, masu riƙe da ƙofa sun riga sun zauna daram.

A nan bari in ɗan tsaya, domin sunan Kyari yakan rikita mutane. Malam Abba Kyari na fada, lauya ne kuma tsohon ma'aikacin banki daga Borno. Daban yake da Abba Kyari ɗan sanda, daban kuma yake da Sanata Abubakar Kyari da aka ba ministan aikin gona a 2023.

Ba a yi shekara biyu ba sai aka fara gunagunin cewa wasu 'yan tsiraru sun kewaye shugaban ƙasa. Da 'yan adawa ne kaɗai ke faɗa da sai a ce siyasa ce. Amma a watan Oktoba na 2016 uwargidansa, Hajiya A'isha Buhari, ta yi hira da sashen Hausa na BBC, ta ce yawancin waɗanda aka naɗa a muƙamai maigidanta bai san su ba. Da yawa daga cikinmu da kunnenmu muka ji wannan hira. A watan Agusta na 2019 kuma, da za a shiga zango na biyu, shugaban ƙasa da kansa ya gaya wa sababbin ministoci cewa duk mai son ganinsa ya bi ta ofishin Malam Abba Kyari. A farkon 2020 wata takarda ta fito fili, wadda Janar Monguno ya rubuta, yana ƙorafin cewa Shugaban Ma'aikatan Fada na sa baki cikin harkar tsaro, har yana zama da hafsoshin soja. Ku dubi wannan al'amari da kyau. Mutum biyu, dukansu 'yan jiha ɗaya, dukansu shugaba ɗaya ya naɗa su, suna jayayya a kan wa zai ba da umarni, a daidai lokacin da ake kashe mutane a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Borno. Masoyan Malam Abba sun ce mutum ne mai aiki tuƙuru, wanda ya ɗauki zagin da ba nasa ba don ya kare maigidansa. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 2020, sanadiyyar cutar korona, aka maye gurbinsa da Farfesa Ibrahim Gambari.

Shi kuwa Babachir Lawal, wani kwamitin Majalisar Dattawa a ƙarƙashin Sanata Shehu Sani ya zarge shi a kan kwangilar cire ciyawa da aka bayar daga kuɗin taimakon 'yan gudun hijira na Arewa maso Gabas. An dakatar da shi a watan Afrilu na 2017, aka sallame shi a watan Oktoba, Boss Mustapha ya gaje shi. Adalci ne in ƙara da cewa a 2022 kotu ta sallame shi daga tuhumar. Abin lura a nan shi ne majalisa ba ta sami damar yi masa tambaya ba sai bayan da magana ta riga ta taso.

Wannan jinkiri na 2015 yana cikin dalilan da suka sa aka gyara tsarin mulki a watan Maris na 2023, aka ce tilas shugaban ƙasa ya miƙa sunayen ministoci cikin kwana 60 daga ranar rantsuwa, gwamna ma haka game da kwamishinoni. Gyara ne mai kyau. Sai dai kwana 60 ma ba kaɗan ba ne, kamar yadda za mu gani yanzu.

An rantsar da Shugaba Tinubu ranar 29 ga Mayu, 2023. Ranar 2 ga Yuni aka ba da sanarwar Femi Gbajabiamila, wanda a lokacin shi ne Kakakin Majalisar Wakilai, a matsayin Shugaban Ma'aikatan Fada, da Sanata Ibrahim Hassan Haɗeja mataimakinsa, da Sanata George Akume na jihar Binuwai a matsayin Sakataren Gwamnati. Ku lura, mutumin da yake na huɗu a jerin manyan ƙasa, wanda mazaɓarsa ta sake zaɓensa, ya ajiye kujerar majalisa ya karɓi muƙamin da ko sunansa babu a tsarin mulki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana nauyin ƙofar nan. Ranar 15 ga Yuni aka naɗa masu ba da shawara takwas, cikinsu har da Wale Edun kan harkar kuɗi, da Dele Alake kan watsa labarai, da Dakta Salma Ibrahim Anas kan lafiya, da Malam Nuhu Ribadu kan tsaro. Bayan kwana huɗu aka ɗaga Malam Nuhu zuwa babbar kujerar tsaro ta ƙasa, ya zama na farko tun 1999 da ya hau ta ba daga gidan soja ba. A cikin takwas ɗin nan na farko babu wanda aka ce aikin gona ne fanninsa.

Ministoci 45 sai ranar 21 ga Agusta aka rantsar da su. To, me ya faru kafin wannan rana? An janye tallafin man fetur tun ranar rantsuwa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a garuruwanmu na Arewa. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yanka mata farashi. A tsakiyar Yuli aka kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci, kuma wanda ya karanta wa 'yan jarida sanarwar shi ne Dele Alake, domin a lokacin babu ministan aikin gona. Waɗannan abubuwa uku su suka taɓa kuɗin motar da ke kai hatsinmu kasuwa, da man injin ban-ruwa, da buhun taki. Ko mutum yana goyon bayan matakan ko yana adawa da su, ba wannan nake magana a kai ba. Abin da nake nunawa shi ne an yanke su ne a lokacin da ba kowa a ɗakin sai shugaban ƙasa da waɗanda ya zaɓa da hannunsa. Wanda ya tambaya ɗazu ina ruwanmu, ga ruwan nan.

Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Karin magana ne mai daɗin faɗa, kuma mun sha fakewa da shi idan shugaban da muke ƙauna ya yi abin da bai yi mana daɗi ba. Sai mu ce ai shi mutumin kirki ne, na kusa da shi ne suka ɓata shi. Ni ban yarda da wannan ba ɗari bisa ɗari. Wa ya ɗauko bafaden? Wa ya bar shi a kan kujera shekara da shekaru bayan an yi ta kuka da shi? Doka ta ce suna aiki ne muddin shugaban ƙasa na so, saboda haka kowace safiya da suka wayi gari a ofis, da yardarsa ne. Kuma ba kullum ake bin shawararsu ba. Shugaba Tinubu da bakinsa ya gaya wa 'yan Nijeriya mazauna Faransa, a watan Yuni na 2023, cewa maganar janye tallafi ba ta cikin jawabin da mashawartansa suka rubuta masa, shi ya ƙara ta da ya hau mumbari.

Har ila yau, ba duk wanda aka kira mai ba da shawara ne yake samun ba da ita ba. Dakta Hakeem Baba-Ahmed, wanda aka naɗa a 2023 mai ba da shawara kan siyasa a ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa, ya ajiye aikin a 2025, ya kuma faɗa a hirarrakin da ya yi cewa bai sami damar zama da shugaban ƙasa ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa ba. Saboda haka idan muka ji an ba ɗan garinmu irin wannan muƙami, kafin mu ɗauki makaɗa mu tafi gidansu, ya kamata mu tambaya ko yana cikin masu shiga ɗaki ne ko kuwa masu jira a zaure.

Akwai kuma maganar raba daidai. Sashe na 14 na tsarin mulki ya hana mutanen jihohi kaɗan ko ƙabila ɗaya su mamaye gwamnati, sashe na 171 ma ya sake tunatar da shugaban ƙasa wannan. A 2015, da aka ga Sakataren Gwamnati daga Adamawa, Shugaban Ma'aikatan Fada da mai kula da tsaro daga Borno, shugaban jami'an farin kaya Lawal Daura daga Katsina, shugaban kwastan Kanar Hameed Ali daga Bauchi, mutanen Kudu, musamman Ibo, sun yi kuka. Mu a nan yawancinmu shiru muka yi, wasu ma suka ce ai cancanta aka bi. A 2023, da aka ga Shugaban Ma'aikatan Fada da ministan kuɗi da gwamnan Babban Banki da shugaban hukumar haraji da Sufeto Janar na 'yan sanda da hafsan sojan ƙasa duk Yarabawa ne, sai mu kuma muka fara kuka, su kuma suka ce ai cancanta aka bi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma ina so kowa ya tambayi kansa, shekaru takwas ɗin da 'yan Arewa suka yi suna riƙe da ƙofa da kujerun tsaro, sun hana a sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021? Kasancewar mutum ɗan yankinmu ba ita ce ke kai kukanmu gaban shugaba ba.

To, me ya kamata mu duba idan an karanta sunaye a rediyo? Ni abin da nake fara tambaya shi ne, wane aiki mutumin nan ya taɓa riƙewa, kuma yaya ya bar shi? Sannan, yana da abin yi idan an sallame shi gobe? Domin wanda ba shi da wata madogara sai wannan kujera, da wuya ya iya duban maigidansa ya ce, ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne. Sai kuma in duba ko a cikinsu duka akwai wanda ya san abin da ake nufi idan an ce taki ya iso bayan an gama noman farko.

Wannan duka bai tsaya a Abuja ba. Sashe na 196 ya ba gwamna irin wannan iko na ɗaukar masu ba shi shawara, majalisar jiha ta yanke yawansu. Gwamnoni da yawa sukan ƙara da ɗaruruwan mataimaka na musamman, waɗanda wasunsu ko teburin zama ba su da shi, alhali albashinsu daga asusu ɗaya yake fita da kuɗin gyaran rijiyar burtsatse da asibitin ƙauye. A nan ne muka fi ƙarfi, domin ɗan majalisar jiha da ke ɗaga hannu ya amince da adadin, mun san gidansu, kuma yakan zo ɗaurin aure da jana'iza. Shugabannin ƙungiyoyi da ke nan kuna iya tambayarsa mutum nawa aka amince wa gwamna, da nawa ake biyansu a wata. Ba rashin kunya ba ne, kuɗin jama'a ne.

Wa'adin gwamnatin tarayya da aka rantsar a 2023 zai cika ranar 29 ga Mayu, 2027. Ko wa aka rantsar a wannan rana, doka ta ba shi har zuwa ƙarshen watan Yuli kafin ya miƙa sunayen ministoci. Malamai, ina roƙonku a cikin waɗannan makonni ku riƙa rubuta sunayen da aka fara naɗawa a allo, da muƙamin kowa da jiharsa da aikin da ya yi a baya, ku tattauna da ɗalibanku. Mu ma in Allah ya kai mu za mu buga su a wannan jarida.

Ranka ya daɗe, a nan zan dakata domin a ba masu tambaya dama.